Gwada manyan hedifon a baje kolin kayan sauti: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu shirin zuwa baje kolin kayan sauti karo na farko, da waɗanda suka je suka dawo kansu a ɗaure. Wanda ya riga ya san ire-iren hedifon yana iya tsallakawa zuwa batun daidaita ƙara, domin a can ne mafi yawan mutane suke zamewa.

Wane irin taro ne wannan, kuma a ina ake yin sa?

Taro ne na 'yan kwanaki, galibi a ƙarshen mako, inda kamfanoni da dillalai suke shimfiɗa hedifon ɗinsu a kan tebura, kowanne a jone da amfilifaya, wato na'urar da take ƙara wa sauti ƙarfi, mutum ya ja kujera ya zauna ya saurara. Wanda ya fi suna a harkar hedifon zalla shi ne CanJam, na ƙungiyar Head-Fi da Jude Mansilla ya kafa a 2001. Yana zagaya birane a cikin shekara: New York, Singapore, Landan, kudancin California da wasunsu. Na Landan an saba yin sa a otal ɗin Park Plaza da ke bakin gadar Westminster. A Tokyo kuma shagon Fujiya Avic ya daɗe yana shirya nasa bikin, inda ƙananan masu ƙira na Japan suke fito da abubuwan da ba a cika gani a waje ba.

Akwai kuma manyan tarukan kayan sauti na gaba ɗaya, irin su High End, wanda aka riƙa yi a Munich ta Jamus daga 2004 zuwa 2025 kafin a mayar da shi Vienna, da AXPONA da ake yi kusa da Chicago. A irin waɗannan, manyan lasifiku ne suke cin kasuwa, hedifon ɓangare guda kawai aka ware masa. Wanda hedifon ne ya fito da shi daga gida zai fi samun biyan buƙata a CanJam ko a Tokyo.

Tunda intanet cike take da sharhi da bidiyo, me zai sa in kashe kuɗin tafiya?

Domin sautin hedifon sai ya bi ta ginin kunnenka kafin ka ji shi. Lanƙwasar fatar kunne da tsawon raminsa suna ƙara wa wasu sautuka ƙarfi, musamman wajajen haz 3,000 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, yawansa sirantarsa), kuma wannan halitta ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Abin da mai sharhi ya ji da taushi, kai kana iya jin yana sukar ka. Ga kuma girman kai da faɗin muƙamuƙi, waɗanda su ne za su sa katifar kunnen ta rufe ruf ko ta bar kafa. Bidiyon da ake cusa makirufo a cikin hedifon kuwa, ai ta naka hedifon za ka ji shi, saboda haka naka ɗin kake saurare.

Shagunan da suke tara hedifon ɗin kamfanonin Focal da Stax da Audeze da Meze da HiFiMan a wuri guda ba su da yawa a duniya, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Sai dai ka san abin da taron zai iya yi maka. Wuri ne na tacewa: ka shiga da sunaye takwas, ka fito da biyu ko uku da suka zauna a kanka lafiya kuma ba su ɓata maka murya ba. Zaɓen gwani a tsakanin waɗannan biyun ko ukun aiki ne na ɗaki mai shiru, saboda dalilan da ke cikin amsar batun hayaniya.

Daga nawa ake cewa hedifon ya shiga sahun manya?

Babu iyakar da aka shata, amma a bakin masu harkar, abin da ya haura dala 1,000 ya fara shiga. Wanda kowane kamfani yake tinƙaho da shi kuwa yakan faɗa tsakanin dala 4,000 zuwa 6,000. Focal Utopia na Faransa ya fito a 2016 a kan dala 4,000, sabon samfurinsa na 2022 kuma 5,000. Susvara na HiFiMan ya fito a 2017 a kan 6,000, LCD-5 na Audeze a 2021 a kan 4,500, Elite na kamfanin Meze da ke Baia Mare a Romaniya a kan 4,000. SR-X9000 na Stax ya ɗan haura 6,000, ban da kuɗin amfilifayarsa. Sennheiser HD 800 S bai kai rabin kuɗin waɗannan ba, amma ana jera shi da su saboda faɗin filin sautinsa.

A can ƙololuwa akwai Sennheiser HE 1 na 2015, wanda ya fito a kan kusan yuro 50,000, amfilifayarsa a cikin marmarar Carrara ta Italiya. A taruka akan ware masa ɗaki, sai ka karɓi lokaci. Ya cancanci a ji shi, amma ka bar shi zuwa ƙarshen rana, don kada ya dagula maka ma'aunin abin da aljihunka zai iya.

Mene ne bambancin buɗaɗɗe da rufaffe?

Buɗaɗɗe bayansa raga ce, iska tana shiga tana fita. Sautinsa yakan fi faɗi da sakewa, amma na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin duk motsin ɗakin. Rufaffe yana tare hayaniya, sai dai sautin da ya bugi murfin baya yana dawowa, kuma shawo kan wannan shi ne babban aikin masu ƙira. Mafi yawan manyan hedifon buɗaɗɗu ne. Daga cikin rufaffun da ake girmamawa akwai Stealth na Dan Clark Audio. Kada ka haɗa buɗaɗɗe da rufaffe a gasa ɗaya a tsakiyar zaure, domin rufaffen zai ci ribar da ba tasa ba.

Ina jin ana cewa dainamik, filana da ilektirostatik. Me ake nufi?

Hanyoyi uku ne na girgiza tantanin da yake haifar da sauti. Dainamik shi ne wanda aka saba: naɗin siririyar waya a manne da tantani, a cikin maganaɗisu, irin na lasifika. Beyerdynamic ya fito da DT 48 a wannan tsari tun 1937, kuma har yau HD 800 S da Utopia a kansa suke. Na Utopia an yi tantaninsa da ƙarfen beriliyom, mai tauri da rashin nauyi. Dainamik mai kyau yakan ba da bugu mai nauyi da ake ji a jiki.

Filana kuwa shimfiɗaɗɗen tantani ne siriri, an zana masa layukan ƙarfe a jiki, an sa shi a gaban jerin maganaɗisu, sai duk faɗinsa ya motsa tare. Yamaha ya yi irinsa a 1976, daga baya Audeze da HiFiMan suka farfaɗo da shi. Besinsa yakan gangara ƙasa sosai ba tare da kumbura ba, amma maganaɗisun suna ƙara masa nauyi. Ilektirostatik shi ma tantaninsa siriri ne ƙwarai. Ana cika tantanin da cajin lantarki, volt 580 a tsarin Stax, a rataye shi tsakanin faranti biyu masu huji. Stax ya fara sayar da SR-1 a 1960. Wannan nau'in ba ya aiki da amfilifayar gama-gari, sai tasa ta musamman, don haka ba za ka iya gwada shi a kan na'ura ɗaya da sauran ba.

Ni dai shawarata kada ka shiga zaure da aƙidar cewa nau'i kaza ya fi. Yadda aka daidaita sautin ya fi nau'in tasiri nesa ba kusa ba, kuma akwai filana biyu da suka fi bambanta da juna fiye da bambancin wani filanan da wani dainamik.

Me ya kamata in tafi da shi?

Abu na farko, hedifon ɗinka na gida, ko da mai araha ne. Shi ne ma'aunin da ka sani. Idan ka sa shi a cikin zauren ka ji yadda hayaniya ta sauya shi, za ka gane irin rangwamen da ya kamata ka yi wa sauran. Masu harkar da yawa suna yawo da Sennheiser HD 600 saboda haka, hedifon da ya fito tun 1997 kuma har yau ake auna ingancin murya da shi.

Sai waƙoƙinka a waya ko a filashi, da wayar USB, domin tebura da yawa sun dogara da manhajojin sauraren waƙa ta intanet irin su Qobuz ko Tidal, intanet ɗin otal kuma takan yi nauyi idan jama'a sun cika, kuma ba lalle ne ka sami kiɗan gida a can ba. Ka riƙe kawunan joni na canji: na milimita 3.5, na 6.35, na 4.4, da XLR mai ƙafa huɗu. Ka ƙara da ƙaramin littafi da biro, da ƙyallen goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, da ruwan sha.

Wace irin waƙa ta fi dacewa da gwaji?

Wadda ka sani ciki da bai. Waƙoƙin da masu tebur suke sawa an zaɓe su ne domin suna yin daɗi a kan kowace na'ura: murya ɗaya, jita ɗaya, ɗauka mai tsafta. Ba su tona asirin komai. Ka zaɓi guda biyar ko shida, kowace da aikinta. Muryar mutum tana gaba, ko ta mawaƙi ko ta makarancin da ka saba ji, domin kunne ya fi saurin gane murya idan ta shiga hanci ko ta yi kauri fiye da kima. Ka kula da haruffan "s" da "sh" da "ts", a nan ne kaifin da ya wuce gona da iri yake bayyana. Kalangu yana da kyau wajen gwada saurin bugu da yadda amo yake hawa da sauka. Goge yana fallasa saman sauti mai zafi. Sai wata mai bes na zamani da ke gangarawa ƙasa da haz 40, da wata mai cunkoson kayan kiɗa don ka ji ko za su cakuɗe.

Akwai wadda ake yawan mantawa, wato waƙar da kake ƙauna amma ɗaukarta ba ta da kyau, irin waɗanda aka kwafo daga tsofaffin kaset. Idan rabin abin da kake saurare irin wannan ne, hedifon da yake fito da kowane aibi fili zai raba ka da su, kuma ka biya kuɗi mai yawa don haka. Game da fayil, ingancin faifan CD ya wadatar, wato bit 16 da haz 44,100. Abin gudu shi ne MP3 da aka matse ƙwarai.

Me ya sa wanda ya fi ƙara kullum yake fi mini daɗi, kuma yaya zan daidaita?

A duk tambayoyin nan babu wadda ta kai wannan. Kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida. A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na Bell Labs a Amurka suka auna suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, bes ne yake fara ɓacewa, sai can saman sauti, tsakiya ya rage shi kaɗai. Da an ɗan murɗa sama sai su dawo. Shi ya sa hedifon da ya ɗara ɗan'uwansa da desibel (ma'aunin ƙara) ɗaya ko biyu zai zo maka da bes cikakke da murya a sarari, kuma zuciyarka ba za ta ce maka ya fi ƙara ba, cewa za ta yi ya fi kyau. Mutane da yawa sun sayi desibel biyu a kan dubban daloli ba su sani ba.

Ga shi kuma hedifon ba su cin wuta iri ɗaya. Susvara a rubuce desibel 83 yake bayarwa, Utopia kuwa 104. Idan ka zare na farko ka soka na biyu ba ka taɓa maɓallin ba, tazarar wajen desibel 20 za ta faɗa maka a kunne, kuma wannan yana iya yin illa. Ka mai da shi al'ada: kafin ka zare ko ka soka, ka mayar da ƙara sifili.

Hanyar daidaitawa mafi sauƙi a zaure ita ce ka sa manhajar auna ƙara a wayarka, ka huda kwali daidai bakin makirufon wayar, ka rufe katifar kunnen da kwalin, ka kunna sautin gwaji mai "shuuu" iri ɗaya a duka biyun, ka murɗa har lambobin su zo ɗaya. Awon waya ba cikakke ba ne, amma abin da kake nema shi ne daidaito tsakanin biyun, kuma yana iya wannan. Idan babu hali, ka daidaita da muryar mawaƙi, kada ka daidaita da ganga. Sannan ka yi wata dabara: wanda ka fi so, ka rage masa ƙara kaɗan da gangan. Idan har yanzu shi ne a gaba, to da gaske ne.

Hayaniyar zaure ba za ta ɓata gwajin ba?

Za ta ɓata, kuma ta hanyar da aka sani. Buɗaɗɗen hedifon kusan ba ya tare komai, surutun ɗaruruwan mutane kuma yana binne bes da ƙananan sautuka. Sai ka ƙara murɗawa, ka koma cikin matsalar da aka yi bayani a amsar da ta gabata. Hedifon mai ƙyalli a sama da kumburi a ƙasa shi ne yake keta hayaniya ya burge, mai natsuwa irin Sennheiser HD 650 kuma ya zama kamar an lulluɓe shi. A gida da daddare lissafin yakan juye, mai ƙyallin ya gajiyar da kai cikin rabin awa.

A cikin zaure kana iya yanke hukunci a kan zaman hedifon a kai, da yanayin murya, da kaifin "s". Faɗin fili da zurfinsa, da yadda amo yake mutuwa a hankali, da can ƙasan bes, waɗannan ka jinkirta su. Ka isa wurin da an buɗe ƙofa, ko ka jira yammacin ranar ƙarshe lokacin da jama'a suka ragu. Ka kuma nemi ƙananan ɗakunan gefe da wasu kamfanoni suke kamawa, ko da za ka bi layi.

Minti nawa zan ba kowanne, kuma guda nawa zan iya gwadawa a rana?

Ƙwaƙwalwa tana riƙe ainihin sauti na 'yan daƙiƙu ne kawai. Bayan haka abin da ya rage shi ne ra'ayinka game da sautin. Don haka gwaji iri biyu ne. Na farko gajere: yanki ɗaya na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka ji a wannan, ka sauya da sauri ka ji a wancan, ka maimaita. Wannan yana nuna bambanci. Na biyu dogo: minti 10 zuwa 15 a kan guda ɗaya ba tare da neman aibi ba. Wannan yana nuna ko za ku iya zama tare. Kunne yana sabawa da duk abin da aka ba shi, shi ya sa wanda ka sa bayan mai kaifi zai zo maka a dushe, alhali ba laifinsa ba ne. Ka riƙa komawa kan naka na gida a tsakani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai turare ya san bayan kwalba ta biyar hanci ya daina rarrabewa. Haka kunne yake. Shida zuwa takwas a rana da natsuwa sun fi talatin a gurguje. Ka fita waje ka huta bayan kowace awa, kuma ka rubuta abin da ka ji tun kana kan kujerar, da sunan amfilifayar da waƙar.

Yaya zan san hedifon nake ji ko amfilifayar da aka jona shi?

Ba za ka sani ba muddin kowanne yana kan na'urarsa. Kamfani yakan kawo hedifon ɗinsa da amfilifaya da DAC, wato na'urar da take juya lambobin fayil su zama sauti, waɗanda kuɗinsu wani lokaci ya fi na hedifon ɗin. Mafita ita ce ka nemi teburin dillali mai sayar da kayan kamfanoni da yawa, ka gwada biyu a kan amfilifaya ɗaya, ko ka nemi izinin jona shi da taka ƙaramar na'urar. Galibi suna yarda.

Abu biyu ne suke sauya sauti a nan ba tare da gardama ba. Na ɗaya ƙarfin wuta: mai cin wuta da yawa irin Susvara yana buƙatar amfilifaya mai ƙarfi, har wasu suna jona shi da ta lasifika, kuma idan wutar ta gaza sai bugu ya yi laushi, sauti ya fashe a wurare masu ƙarfi. Na biyu turjiyar mafitar amfilifaya, wadda ake aunawa da om. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. HD 600 a rubuce om 300 ne, amma wajajen haz 100 yana haura 500, saboda haka amfilifaya mai babbar turjiya, irin wasu masu kwalaben wuta, takan kumbura masa wannan yanki ya yi ɗumi. Filana turjiyarsa a miƙe take, wannan bai cika taɓa shi ba.

Ka kuma tambaya ko an kunna ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage bes da saman sauti, a manhajar da ake sa waƙa. Wasu tebura suna yi, kuma ba laifi ba ne idan an faɗa maka. Bambancin DAC biyu masu inganci kuwa, idan ma akwai shi, ya yi ƙanƙantar da ba a zaure mai hayaniya za a kama shi ba.

Nauyi da zaman hedifon a kai suna da muhimmanci har haka?

Ƙwarai, kuma wannan ne abin da baje koli ya fi iya nuna maka. HD 600 giram 260 ne, HD 800 S giram 330, Utopia 490, LCD-X na Audeze ya haura 600. A minti biyar duk ɗaya ne, a awa biyu wuya ne zai ba da labari. Ka lura da tsakiyar kai, da matsi a muƙamuƙi, da ko kunnenka yana taɓa ciki. Ka sunkuyar da kai ka ga ko zai zame.

Rufewar katifa kuma tana taɓa sautin kansa. Ƙafar tabarau, ko gefen hula, ko ɗankwali da hijabi, duk suna iya buɗe kafar da bes zai zurare, musamman a rufaffe. Ka gwada shi yadda za ka riƙa sa shi a gida. Katifar da ɗaruruwan mutane suka sa tun safe ta yi ɗumi ta kwanta, kuma tsohuwar katifa sautinta daban da sabuwa. Idan ƙasarku da zafi, ka tuna zauren otal da na'urar sanyaya ɗaki yake: katifar fata tana tara gumi, mai laushin karan-miski ta fi shan iska.

Zanen awo da ake nunawa, da abin da ake kira ma'aunin Harman, su ne hukunci?

Zanen yana nuna ƙarfin da hedifon yake ba kowane sauti daga haz 20 zuwa 20,000, an auna a kan kunnen roba. Ma'aunin Harman kuwa ya fito ne daga binciken da Sean Olive da Todd Welti suka jagoranta a kamfanin Harman, wanda yanzu mallakar Samsung ne. Sun sa ɗaruruwan mutane saurare ba tare da sun san abin da ke kansu ba, suka fitar da layin farko a 2013, suka yi ta gyara shi har zuwa na 2018. Layin yana da ɗan ƙarin bes da tudu a wajajen haz 3,000. A bincikensu kusan kashi 64 cikin ɗari sun fi son sa yadda yake, kashi 15 suna son ƙarin bes, kashi 21 suna son a rage. Wato mutum ɗaya cikin uku yana son wani abu daban, kuma ba kuskure ya yi ba.

Amfanin zanen kafin tafiya shi ne ya gaya maka inda za ka kasa kunne. An san HD 800 na 2009 da tsini a wajajen haz 6,000, kuma don a rage shi aka sa wa HD 800 S abin tsotse wannan yanki. Wanda ya san haka zai je da waƙar da za ta taɓo wurin, ya ji ko ya dame shi. Sama da haz 8,000 zuwa 10,000 awon ba abin dogaro ba ne sosai, domin motsa hedifon kaɗan a kan kunnen roba yana sauya shi. Kuma kada ka haɗa zane biyu da aka auna da na'urori daban-daban.

To mafi tsada shi ne mafi kyau?

A 2017 Jeroen Breebaart ya wallafa nazarin awon hedifon 283 a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka, bai sami wata alaƙa ta a zo a gani tsakanin farashi da daidaiton sauti ba. Wannan bai nuna cewa tsada banza ce ba. Kuɗin yana sayen kayan ƙira, da aikin hannu, da daidaita ɓangaren dama da hagu, da ƙarancin gurɓatar sauti idan an murɗa. Amma tazarar da ke tsakanin na dala 50 da na dala 400 ta fi wadda ke tsakanin na 400 da na 4,000 faɗi ƙwarai. Sanin farashi kuma yana shiga kunne. Idan kana da abokin tafiya, ka rufe ido ya riƙa ɗora maka, ko da nauyi zai tona wasu.

Mai tebur ya ce in sauya wayar da take jona hedifon da amfilifaya in ji bambanci. In yarda?

Ka saurara da ladabi, amma ka lura da abu biyu. Idan an sauya daga joni na gama-gari zuwa XLR ko 4.4, amfilifaya da yawa suna ba da ƙarin ƙarfi a wannan mafitar, har kusan desibel 6, sai a koma batun daidaita ƙara. Na biyu, idan an gaya maka abin da za ka ji kafin ka ji, to za ka ji shi. Ka roƙa a bar ka ka saurara tukuna, bayani ya biyo baya. Waya mai laushi, marar ƙara idan ta goga riga, mai tsawon da ya dace, ta cancanci kuɗi daidai gwargwado. Sau da yawa wanda ya ƙera hedifon ɗin da kansa ne yake zaune a bayan tebur, kuma tambayar da ta fi amfani gare shi ita ce wane sauti ya nufa, da wace katifa ya daidaita shi.

Yaya zan kare kunnena da lafiyata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 awa 4 ne kawai, a 100 kuma minti 20. A zaure mai hayaniya mutum yana haura 90 bai ankara ba. Idan ka ji kunnenka yana ƙugi ko ya toshe, gwajin ranar ya ƙare, domin duk abin da ka ji bayan nan ba daidai ba ne. Tsakanin tebur da tebur wasu suna sa abin toshe kunne, kuma dabara ce mai kyau. Ka goge katifa kafin da bayan ka sa, amma ka tambayi mai tebur tukuna, saboda sinadari yana ɓata fata da katako. Masu gwada iyafis na cusawa cikin kunne su tafi da nasu robobin bakin iyafis. Wanda ke fama da mura ko ciwon kunne ya haƙura da gwaji, don kansa da don jama'a.

In saya a wurin, tunda ana yin rangwame?

Idan hedifon ne da ka riga ka ji a wuri mai shiru, taron ya ƙara tabbatar maka, to rangwamen riba ne. Idan yau ka fara jin sa, ka tambaya ko rangwamen zai kai wasu kwanaki bayan taro, ko dillalin yana karɓar kaya idan an mayar. Na kan tebur da ake karyarwa a ranar ƙarshe ya sha hannu, ka nemi a haɗa maka da sabuwar katifa. Farashin Amurka ba a haɗa shi da harajin saye, Birtaniya kuma ta daina mayar wa baƙi harajin kayan da suka saya a shago tun 2021.

Wanda zai kai kayan Najeriya ko Nijar yana da ƙarin tambayoyi. Wutar Japan volt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa 220 zuwa 230, saboda haka amfilifayar da aka saya a Tokyo ko New York tana iya ƙonewa idan ba mai karɓar kowace wuta ba ce. Ta Landan ta dace da soket ɗin Najeriya. Ko wace ce, tana buƙatar abin daidaita wuta a gabanta. Ka tambaya a rubuce ko garantin yana aiki a wajen ƙasar da aka saya, da wanda zai biya kuɗin aikawa idan ɓangare ɗaya ya mutu. Ilektirostatik ba ya shiri da ƙura da laima, don haka mai sayen Stax ya tanadi murfi ko akwatin ajiya saboda hunturu da damina. Ka sayi katifa ta canji da wayar hedifon ta biyu tun a can, domin aiko su daga baya yakan ci kuɗin da ya kusa na kayan.